Cokali Nawa Ne A Cikin Ƙosai Goma?

  Yau ba zancen siyasa ko na farashin citta na zo muku da shi ba. Zancen mai ne, amma ba man mota ba, man kasko. Wato man nan da muke soya ƙosai da awara da dankali da doya da shi, wanda muke kallo da idonmu ana tuttula shi a kasko, amma ba kasafai muke tsayawa mu tambayi nawa ne daga cikinsa yake ƙarewa a cikinmu ba.

Kowa ya san duk inda Bahaushe ya yada zango, kafin a gama ɗora rufin ɗaki an kafa murhun ƙosai a ƙofar gida. Je ka zangon Kumasi ko unguwar Nima a birnin Akra, za ka tarar da koko da ƙosai da sunansu na Hausa, bakin mutanen can ya ɗan lanƙwasa su ne kawai. Mu ma nan haka abin yake. Kakanmu ya baro ƙasar Kano ne bayan da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a wajejen 1927, daga baya kuma mahaifinmu ya matso Gidan Waya da sana'arsa ta awon hatsi. A nan aka haife mu, a nan muka yi karatu, har idan mun je gida 'yan uwa su riƙa tsokanar mu wai Hausarmu ta sha ruwan kudu. To amma abu ɗaya da bai sauya ba tun daga kan kakanmu shi ne karin kumallo: koko da ƙosai, kamar yadda ake yi a ƙauyen da muka fito. Don haka a wurin irinmu, ƙosai ya wuce abin cika ciki. Igiya ce da ta ɗaure mu da gida.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne rashin lafiyar mahaifiyarmu. A 2023 aka auna Inna a wani asibiti a Kafanchan, aka ce tana da ciwon suga da hawan jini, ga kuma gwiwoyi da suka daɗe suna damun ta saboda nauyin jiki. Likita ya rubuta magani, sannan ya ce ta rage ƙiba, ta rage soyayyen abinci. Inna ta ce, "Likita, a rage kamar nawa?" Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ki rage dai sosai." Ban ga laifinsa ba, domin layin marasa lafiya ya kai har waje, kuma shi bai san girman ƙosan gidanmu ba balle kaskonmu. Da muka dawo gida sai ta kira ni. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kama sunana, Malam take ce mini. Ta ce, "Malam, shekara sittin da ɗoriya ina karyawa da koko da ƙosai. In ka ce in daina, to ka faɗa mini da me zan gane gari ya waye. In kuma ragewa ne, ka ba ni adadi. Ba ku ne 'yan boko ba?"

Ƙanwata da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta nan Gidan Waya ta ce ai abin mai sauƙi ne, akwai manhajar waya da ake rubuta mata sunan abinci ta faɗi kalori nawa ne a ciki. Muka rubuta ƙosai da sunan da Yarabawa suke kiran sa, sai ga amsoshi rututu, wata ta ninka wata. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin alƙaluman mutane ne irina da irinka suke shigar da su, kuma ƙosan Legas mai girman lemo ba ɗaya yake da namu ƙanana ba. Akwai jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar a 2012 ta kuma faɗaɗa shi a 2019, kuma yana da amfani ƙwarai wajen sanin abin da ke cikin ɗanyen wake ko masara ko gyaɗa. Amma babu littafi ko waya da za su iya sanin irin wutar da uwargidana ta hura da safiyar nan, ko yawan ruwan da ta zuba a ƙullu. Wannan sai wanda yake tsaye a bakin murhun.

Kafin mu shiga kicin, bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin wannan kalma ta kalori, don kada mu tafi mu bar wani a baya. Kalori awo ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda ake auna hatsi da mudu. Abin da jiki bai ƙona ba ta hanyar aiki da motsi, sai ya adana shi a matsayin kitse. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin kimiyya ɗan Amurka mai suna Wilbur Atwater ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi: giram 1 na sitaci ko suga yana ba da kalori 4, giram 1 na sinadarin gina jiki irin na nama da wake shi ma 4, amma giram 1 na mai yana ba da kalori 9. Ke nan mai ya ninka su har da ɗori. Babban cokalin cin abinci yana ɗaukar mai kusan giram 14, wato kalori wajen 120. Lita 1 kuwa nauyinta kusan giram 920 ne, kalori sama da 8,000.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada abin da babban mutum yake samu daga maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na kalorinsa na yini. Idan muka ɗauki wanda yake buƙatar kalori 2,000 a rana, rabon mai shi ne 600, wato giram 67, wanda bai cika cokali 5 ba. Kuma a lura, wannan ya haɗa da man miya, da kitsen nama, da gyaɗar da aka taɓa da rana, da wanda aka kwarara a kan ɗanwake. To a nan ne tambayar Inna ta zama tambaya mai nauyi: daga cikin cokulan nan da ba su cika biyar ba, nawa ƙosan safe yake cinyewa?

Yadda mai ke shiga abinci

Da yawanmu muna ɗauka cewa tun abinci yana cikin kasko yake ta zuƙar mai kamar soso. Masana harkar suya sun nuna cewa abin ba haka yake tafiya ba. Ƙullun ƙosai galibinsa ruwa ne. Da zarar ya faɗa cikin mai mai zafin digiri 170 zuwa 190, sai ruwan da ke bayansa ya tafasa ya fara fita a matsayin tururi. Kumfar nan da muke gani tana tashi ke nan. Muddin tururi yana turowa waje da ƙarfi, mai ba ya samun hanyar shiga sosai. Amma duk inda ruwa ya fita, ya bar 'yan ƙofofi a jikin ɓawon. Idan aka tsame ƙosan ya fara hucewa, tururin da ya rage a ciki sai ya koma ruwa, wurin ya zama fanko, sai ya zuƙo man da ke kwance a bayansa zuwa cikin ƙofofin nan. Wato mafi yawan man yana shiga ne bayan an tsame, a 'yan mintocin farko, kuma yana tsayawa ne a ɓawo, ba ya kai wa tsakiya sosai. Ka ɓara ƙosai mai kyau ka duba, za ka ga cikinsa fari ne tas, bayan ne yake ƙyalli.

Wannan ya nuna mana abin da ya sa ba za a iya gane yawan man ta hanyar auna abincin kafin suya da bayan suya ba. Ruwa ya fita, mai ya shiga, nauyin ya cakuɗe. Sau da yawa ma abin ya fi sauƙi bayan an soya shi. Haka nan takardar da mai ƙosai ta ƙunshe maka a ciki, in ta jiƙe ta zama garai-garai, abin da ta gaya maka kawai shi ne akwai mai, ba ta faɗi nawa ba. Hanyar da ta rage ita ce a bar abincin a koma wa kasko. Mai ba ya ƙafewa ya bi iska kamar ruwa. Don haka duk abin da ya ragu a kasko bayan an gama suya, in ka cire ɗan abin da ya fantsama, to yana jikin abincin.

Awon da muka yi a gida

Na sayo ɗan ƙaramin sikeli mai batir a kasuwar Kafanchan, irin wanda masu yin kek suke amfani da shi. Ranar wata Asabar uwargida ta auna wake giram 500, ta surfa, ta wanke, aka markaɗo da attaruhu da albasa kamar yadda ta saba. Na roƙe ta kada ta sauya komai don ina kallo. Ta ce, "Malam, in dai ba za ka riƙa sa mini baki ba, ka auna har hayaƙin ma." Muka auna mai giram 920 muka zuba a kasko. Ta soya, ƙosai ya fito guda 40, kowanne kusan giram 25. Muka bar man ya huce, muka mayar da wanda ya ɗiga a ƙarƙashin kwando cikin kasko, muka tsame ɓurɓushin da matsami, sannan muka sake aunawa. Giram 780 ya rage.

Ga lissafin. An rasa giram 140, wato cokali 10 cif. A raba wa ƙosai 40, kowanne ya sha giram 3 da rabi, kalori kusan 32. Shi kuma busasshen wake yana da kalori wajen 340 a kowane giram 100, don haka giram 500 ya ba da 1,700. A raba 40, kowane ƙosai ya samu kusan 42. Jimilla ƙosai ɗaya na gidanmu kalori 74 ne ko kusa da haka, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na wannan daga kasko ya zo, ba daga gona ba. A taƙaice dai, kowane ƙosai 4 cokali 1 ne na mai. Inna kuwa guda 10 take ci da safe. Cokali 2 da rabi ke nan, fiye da rabin rabonta na yini, tun rana ba ta yi zafi ba, kuma ba a yi maganar sugan koko ba tukuna.

Da na kai mata wannan labari sai ta yi shiru, can ta ce, "Yanzu da za a ba ni cokali biyu da rabi na mai a kofi a ce in shanye, ai sai in yi amai." Na ce, "Inna, ai shi ya sa yake ɓuya a bayan wake."

Na san ba kowa ke da sikeli ba, kuma ba dole ba ne. Kwalba ko robar ruwa ta wadatar. Ka zuba man da za a yi suya da shi a kwalba, ka yi alama da biro ko ka ɗaura zare daidai inda ya tsaya. Bayan an gama suya, mai ya huce, a tace shi a mayar cikin kwalbar. Sai ka ɗauki babban cokali ka riƙa ƙara sabon mai kana ƙirgawa har ya koma kan alamar. Adadin cokulan da ka ƙara shi ne abin da abincin ya sha. Ka ninka da 120 ka samu kalori, ka raba wa adadin ƙosan ko adadin masu ci. Shi ke nan. Ko yaron da ke aji huɗu na firamare zai iya, kuma a gidanmu yanzu aikin yara ne, har rububinsa suke yi.

Mun maimaita awon sau da dama, kuma a nan ne abin ya ƙara ba ni sha'awa, domin wake ɗaya ne, mai ɗaya ne, hannu ɗaya ne, amma amsar tana sauyawa. Ranar da aka yi da ɗanyen itace lokacin damina, wuta ta ƙi ci, ga ƙullun ya ɗan yi ruwa, aka kuma cika kaskon da yawa don yara suna saurin makaranta, man da ya tafi ya kai giram 190. Ranar da ƙullu ya yi kauri, aka bari mai ya yi zafi sosai kafin a fara, aka riƙa sa kaɗan-kaɗan, aka kuma girgiza matsami da kyau tun ƙosan yana da zafi kafin a juye a kwando, giram 110 kawai ya tafi. Tsakanin ranakun nan biyu akwai bambancin giram 80, wato kalori 720, a kan wake iri ɗaya. Waɗannan alƙaluman na kicin ɗinmu ne, naku zai iya bambanta. Abin da nake so a ɗauka shi ne hanyar.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin rabin wannan ilimi ba tare da sikeli ba. Shi ya sa suke jefa yankan albasa ko ɗigon ƙullu a mai su ga ko zai taso nan take, shi ya sa kuma suke cewa ƙosan da aka sa a mai mai sanyi "ya sha mai". Abin da sikeli ya ƙara mana kawai shi ne adadi.

Doya, dankali, awara da waina

Tunda a ɓawo mai yake tsayawa, to yawan ɓawo shi ne yawan mai. Ɗauki gutsuren doya mai faɗin santimita 4 ta kowane ɓangare. In ka yanka shi gida 8 daidai wa daida, doyar ba ta ƙaru ba, amma fuskar da za ta taɓa mai ta ninka biyu. Dankalin Turawan da ake gangaro mana da shi daga Filato ya isa misali. Dafaffe, giram 100 bai kai kalori 90 ba. In aka yanka shi dogo-dogo aka soya irin na gidajen cin abinci na zamani, sai ya haura 300. In kuwa aka yanka shi siriri kamar takarda, irin wanda ake sayarwa a leda yana ƙaras-ƙaras, ya wuce 500, kuma kusan sulusin nauyinsa mai ne zalla. Don haka mai son soyayyar doya ko dankalin Hausa, ya yanka da kauri, ya tsane ruwan jikinsa kafin ya sa a kasko.

Awara, wadda kakanninmu ba su san ta ba amma yanzu ta mamaye ƙofar kowace makaranta, tana da nata lissafin. Waken suya tun daga gona kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa mai ne. Ga shi jikin awara ƙofofi ne, sannan wasu sukan soya ta, su tsoma a ƙwai, su sake soyawa. Suya biyu, ɓawo biyu. Waina kuwa ba ta iyo a mai, amma kowane gurbi na tanda sai an ɗiga masa, kuma kusan duk abin da aka ɗiga yana bin wainar ne. Ƙaramin cokalin shayi na mai kalori 40 ne. In kowace waina ta samu rabinsa, guda 10 sun tashi da 200, kafin a zuba mata miyar taushe ko a barbaɗa suga. A irin wannan suya ta shafe, da ta ƙwai da ta taliya, lissafin ya fi sauƙi: duk abin da aka zuba, a ɗauka an ci shi.

Inda dabarar kwalba ba ta aiki shi ne nama da kaza da kifi mai maiƙo, domin su suna sakin nasu kitsen a cikin kasko yayin da suke ɗaukar na kaskon, har wani lokaci ka ga man ya ƙaru. A nan sai dai a cire fata da kitsen da ido ke gani, ko a koma gashi. Shi kuma ƙosan da aka sayo a bakin titi, abin da nake yi shi ne in ɗora shi a sikeli in raba nauyin gida 7, tunda a awon gidanmu giram 140 ne a cikin giram 1,000. In na ga ya yi laushi yana naso a hannu, sai in raba gida 5. Ƙiyasi ne, amma ya fi rufe ido.

Manja ko man gyaɗa?

Zamanmu a nan ya sa muna da mai iri biyu a kicin: man gyaɗa da muka zo da shi daga arewa, da manja da muka koya a wurin maƙwabta. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, 'yar asalin yankin nan, da take soya doya a bakin hanya inda motocin da suka gangaro daga Jos suke tsayawa. Mun fi shekara 20 muna zaman mutunci, ita ce ma ta fara kawo wa Inna acca da ta ji labarin ciwon. Da ta ji ana awon mai a gidanmu sai ta ce, "Malam, ku bar wahalar da kanku. Man gyaɗanku ne yake sa ƙiba, manja ai magani ne." Na ce, "Mama, in ta wajen kalori ne, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai." Kowane giram na manja, ko man gyaɗa, ko man waken suya, ko man zaitun mai tsada, kalori 9 ne. Bambancinsu a wani wurin yake: kusan rabin manja nau'in kitse ne mai daskarewa wanda likitocin zuciya suke cewa a taƙaita, na man gyaɗa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Shi kuma jan manja yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sai dai in aka ƙona shi har ya yi hayaƙi ya koma fari, wannan amfanin ya tafi.

Bugu da ƙari, ba duk abin da muke kira man gyaɗa ne na gyaɗa ba. Tun bayan da fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano, sunan ya tsaya a bakinmu, amma da yawa daga abin da ke cikin jarkoki tataccen manja ne ko man waken suya. Na ainihi shi ne wanda masu ƙuli-ƙuli suke matsewa, ƙamshinsa ma ya isa shaida.

Abin dariyar shi ne, Mama da ta ce mu bar wahala, ita ce ta fi kowa riƙe dabarar kwalba, amma ba don kalori ba. Tun da kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi daga 2023, mai ya zama shi ne mafi tsada a jarinta. Da ta gwada sai ta gano cewa yankan doya mai kauri da wuta mai kyau suna rage mata man da take ƙararwa a yini. Ta ce, "Ashe ribata ce mutane suke tafiya da ita a ciki." Ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: mai saye ya ci mai kaɗan, mai sayarwa ta tsira da kuɗinta. Wannan tsadar ce kuma take sa masu suya da yawa maimaita mai ɗaya kwana da kwanaki. Ba na zargin kowa, neman halak suke yi. Amma ya kamata mu sani, man da ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, ya fi manne wa abinci, kuma ba shi da kyau ga lafiya. In ya kai haka, a haƙura da shi.

To ina aka kwana da Inna? Ita da kanta ta yanke hukunci, tunda adadi ta nema kuma ta samu. Ta ce ƙosai 4, kwana uku a mako. Daga 10 zuwa 4 ta sauke kalori wajen 440 a kowace safiya ke nan. Sauran ranakun alala ake yi mata, wanda shi ma waken ne, sai dai a alala kai ne kake auna man da hannunka, a ƙosai kuwa kasko ne yake auna maka. Koko ya koma ƙaramin kofi ba suga, domin ga mai ciwon suga, abin da yake ɗaga sugan jini nan take shi ne koko da burodi da lemon kwalba. Shi mai ta hanyar ƙiba yake ɓarnarsa, sannu a hankali. Da yamma takan taka zuwa gidan Mama su yi hira ta dawo. Tana nan tana shan maganinta, tana zuwa awo a kan lokaci, kuma babu wanda ya ce lissafin cokali zai maye gurbin likita. Amma zannuwanta sun fara yi mata yawa, gwiwar ta lafa, kuma abin da ya fi komai a wurina, ba ta jin an raba ta da abincin gidansu.

'Yan uwa, wannan ba matsalar gidanmu ba ce mu kaɗai. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kusan miliyan 3.6 ne suke da ciwon a Najeriya. Kakanninmu sun ci ƙosai sun kwana lafiya, gaskiya ne, amma su a ƙafa suke zuwa cin kasuwar ƙauyuka da kaya a ka, su yi noma da fartanya, kuma mai a wurinsu abin lallaɓawa ne a 'yar kwalba. Mu kuwa acaɓa ke kai mu shago, mu wuni a zaune, jarkar mai tana jingine a kicin. Idan azumi ya zo kuma sai faranti ya cika da ƙosai da soyayyen dankali da doya da ƙwai da fanke a zama ɗaya. Duk wanda ya gwada dabarar kwalba a kan buɗa-baki guda zai sha mamaki. Ba cewa nake a daina cin mai ba. Jiki yana buƙatarsa, da shi ne ma yake iya ɗaukar bitamin A, D, E da K, shi ya sa tun 2002 aka wajabta wa kamfanonin man girki a Najeriya su riƙa ƙara masa bitamin A. Abin da nake cewa shi ne mu san nawa muke ci, tunda rigakafi ya fi magani.

Don haka ina roƙon kowane maigida da kowace uwargida, musamman gidan da ake da mai ciwon suga ko hawan jini ko nauyin jiki, a ware rana ɗaya a wannan makon. A nemo kwalba da zare da babban cokali. A auna kafin suya, a auna bayan suya, a raba. A rubuta amsar a jikin bangon kicin in ta kama. Wanda ya gwada, in mun haɗu a kasuwar Kafanchan ko wurin wani suna, ya tsayar da ni ya faɗa mini cokali nawa ya samu, mu gwada da namu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu ci abin da zai amfane mu. Sai mun sake haɗuwa.

Naku, daga Gidan Waya.